Mai Bi da Birnin da Yake Zaune a Ciki

Karatu: Irmiya 29:1-14, Nehemiya 3:1-32, Ayyukan Manzanni 16:35-40
Ayar haddacewa: Irmiya 29:7
Manufa: Mu gane cewa sa hannu cikin al'amuran unguwa da na birni sashe ne na biyayyar mai bi ga Ubangiji, mu kuma san hanyoyin da za mu bi mu yi haka.

Gabatarwa

A wata ziyara da na kai ɗaya daga cikin majami'unmu na sashen Hausa a birnin Legas, na tarar da dattawa cikin ɓacin rai. Ƙungiyar masu gidaje da 'yan haya ta unguwar ta yanke shawara a riƙa kulle ƙofar layi da dare, sai ya zama waɗanda ke zuwa addu'ar kwana bayan sun tashi daga aiki ba su samun hanyar shiga. Wasu suka ce wannan tsanani ne saboda sunan Yesu. Muka tafi wurin shugaban ƙungiyar, wani dattijo Bayarabe. Ya karɓe mu da mutunci, sa'an nan ya ɗauko littafin da ake rubuta sunayen masu zuwa taro ya buɗe mana. Shekara da shekaru ana aika wa majami'armu takardar gayyata, ba wanda ya taɓa zuwa. Kuɗin masu gadi ba mu biya ba, ranar yashe kwata ba a ga ko ɗayanmu ba. Ya ce mana, ranar da aka yi maganar ƙofa, da mutum ɗaya daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce muna da addu'a daren Jumma'a, da an bar wa maigadi umarni. Muka fito ba mu da ta cewa.

Ƙaunatattu, abin da ya faru a wannan layi yana faruwa a Ibadan da Fatakwal da Benin da Abuja. Da yawa daga cikinmu mun yi shekara ashirin ko talatin a birni, mun haifi 'ya'ya, har mun aurar da su, amma zamanmu irin na mai jiran mota ne a tasha: kaya a ɗaure, ido a kan hanya. Darasin nan zai bincika irin zaman da mazauna birni ke yi, da yadda suke sa hannu ko suke janye hannu daga al'amuran jama'a, da abin da Maganar Allah ta ce a kai.

1. Wasiƙar da ta ba 'yan bauta mamaki

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da uwarsa da fadawa da masu sana'a da maƙera daga Urushalima zuwa Babila. Mutanen nan ba su je Babila da son ransu ba. Birnin maƙiyansu ne, harshensa dabam, allolinsa dabam. Akwai kuma annabawan da ke faɗa musu abin da kunnensu ke so. A sura 28 mun ga Hananiya yana yi wa jama'a alkawari cewa cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, kowa ya koma gida. Wanda ya gaskata wannan ba zai kafa ko rumfa ba.

Sai Irmiya ya aika musu wasiƙa ta hannun Elasa da Gemariya. Ya gaya musu zaman zai kai shekara 70. Domin wannan ya umarce su su yi gini, su yi shuka, su yi aure su aurar, kada yawansu ya ragu. A aya 7 ya ƙara abin da ya fi wuya: alherin Babila ya zama abin da suke biɗa da aiki da addu'a, gama Allah ya ɗaure zaman lafiyarsu da na birnin a igiya ɗaya. Kalmar Ibraniyanci da aka yi amfani da ita, watau shalom, ta fi rashin yaƙi faɗi. Ta ƙunshi lafiyar jiki, da wadata, da adalci, da zaman kirki tsakanin maƙwabta.

Mu lura da abu biyu. Na fari, Allah bai ce su manta da Urushalima ba. A aya 10 zuwa 14 ya yi alkawarin komo da su. Ashe mutum yana iya riƙe garinsu a zuciya, ya kuma yi wa inda yake zaune aminci. Na biyu, umarnin bai dogara ga halin Babila ba. Ba a ce su jira sai sarkin ya tuba ba. Daniyel da abokansa uku sun yi aikin gwamnati a wannan birni ba tare da sun yi sujada ga gunkinsa ba. Idan haka aka umarci waɗanda aka kai da sarƙa, ina ga mu da muka zo da ƙafafunmu neman abinci, a cikin ƙasarmu ta haihuwa?

2. Halin da muke ciki

Fiye da rabin mutanen Nijeriya a birane suke zaune yanzu. Amma yayin da birane ke cika, rumfunan zaɓe suna ta zama fayau. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kimanin kashi 69 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista ne suka fito. A 2015 adadin ya sauka zuwa kimanin kashi 44, a 2019 kimanin kashi 35, a 2023 kuwa kimanin kashi 27. Watau cikin mutum sama da miliyan 93 da ke cikin rajista a 2023, kimanin miliyan 25 kaɗai suka jefa ƙuri'a. A Jihar Legas, inda masu rajista suka wuce miliyan 7, waɗanda suka fito ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ko mutum ɗaya cikin biyar bai cika ba. Birnin da ya fi kowane yawan masu ilimi da jaridu da gidajen rediyo yana cikin wuraren da aka fi ƙin fitowa.

Yana da kyau mu tuna cewa wannan 'yanci da muke wasa da shi ba a sauƙaƙe aka same shi ba. Zaɓen farko na majalisar dokoki a ƙasar nan an yi shi ne a 1923, a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922. Kujeru huɗu ne kawai, uku na Legas, ɗaya na Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara ne yake da ƙuri'a. Matan Arewa, iyayenmu, ba su sami ikon zaɓe ba sai a shekarun 1970. Abin da kakanni suka nema ba su samu ba, jikoki sun samu suna kwana a kansa.

Duk da haka kuskure ne a ce mutanen birni ba su damu da kowa ba. Wanda ya ƙi zuwa rumfar zaɓe, shi ne ba ya fashin taron 'yan garinsu na ƙarshen wata, yana zuba adashi, yana ba da gudummawar kai gawa gida. Ƙwazon yana nan. Tambayar ita ce, ina ake kai shi, ina kuma ake hana shi?

3. Iri-irin zaman birni

Idan muka duba majami'unmu da unguwanninmu, za mu ga aƙalla iri shida. Kowa ya nemi kansa a ciki, kada ya nemi maƙwabcinsa.

Ɗan ci-rani na har abada. Jikinsa yana Agege ko Sabo, zuciyarsa tana ƙauye. Duk abin da ya tara gida yake aikawa, wannan kuwa ba laifi ba ne. Amma bai san sunan mai unguwa ba, bai san kansilansa ba, katin zaɓensa na ƙauye ne, ranar zaɓe kuma ba shi da kuɗin mota. Saboda haka ba ya zaɓe a can, ba ya yi a nan.

Mai katanga. Allah ya buɗa masa, sai ya zama ƙaramar hukumar kansa. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareta, ya ɗauki maigadi, ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi. Tun da ba ya shan ruwan famfo, bai damu ko famfo ya kawo ruwa ba. Abin baƙin ciki shi ne, shi ne mai ilimi da bakin da hukuma za ta saurara, amma makarantar gwamnati da asibitin unguwa sun rasa muryarsa, aka bar su ga waɗanda ba a jin kukansu.

Ɗan ƙungiya. Shi ne ma'aji a ƙungiyar ci gaban garinsu, mawaƙi ne a majami'a, ba ya fashin taron zumunta. Amma dukan hidimarsa ba ta wuce masu harshensa da masu addininsa ba. Maƙwabcin da suke shan ruwan rijiya ɗaya, gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Mai jiran rabo. Ana ganinsa a kowane gangamin siyasa, yau da hular wannan jam'iyya, gobe da ta waccan. Abin da ya kai shi mudun shinkafa ne da turmin atamfa da 'yan kuɗin da za a damƙa masa a bayan rumfa. Yana sa hannu, amma ya mai da ƙuri'arsa haja.

Mai murya a waya. Ya san duk abin da ya faru a Majalisar Dattawa, yana zuba zafafan maganganu a Facebook da WhatsApp har tsakar dare. Kwatar ƙofar gidansa kuwa ta toshe tun bara. Ba mu raina wannan murya ba, gama mun ga yadda ta tara dubban matasa a zanga-zangar neman rushe rundunar SARS a watan Oktoba na 2020. Amma muryar da ba ta da ƙafa ba ta kai ko'ina.

Mai gyaran gaban gidansa. Wannan mun same shi a Nehemiya sura 3. An raba garun Urushalima kashi-kashi, aka kuma ambaci mutane da dama da suka gyara sashen da ke daura da gidajensu. Firistoci sun yi aiki, maƙeran zinariya da masu yin turare da 'yan kasuwa sun yi, 'ya'yan Shallum mata sun yi tare da mahaifinsu, har mutanen Yariko da na Tekowa da ba a birnin suke zaune ba sun zo. Aka gama cikin kwana 52. Amma aya 5 ta rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa wuyansu ga aikin. Littafi Mai Tsarki ya adana sunayen masu aiki, ya kuma adana labarin waɗanda suka noƙe.

4. Me ke sa mu janye?

Dalili na fari gado ne na tarihi. A 1975 wani malamin Jami'ar Ibadan, Farfesa Peter Ekeh, ya bayyana cewa mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka jama'a biyu. Akwai jama'ar dangi da ƙabila, inda mutum ke jin nauyi da kunya, yana bayarwa ba ya jiran sakamako. Akwai kuma jama'ar gwamnati, wadda ake ɗauka ta baƙo ce, inda ake ɗiba ba a zubawa. Shi ya sa wanda ba zai taɓa sisin kwabo na ƙungiyar garinsu ba, ba ya jin komai in ya ja wutar lantarki ta bayan mita. Bishara ba ta san wannan rabuwa ba. Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma a Luka 3:12-14, bai ce su bar aikin gwamnati ba. Ya ce su yi shi da gaskiya, ba ƙari, ba ƙwace.

Na biyu, koyarwar da da yawa muka tashi da ita, cewa siyasa ƙazanta ce, mai bi kuwa ɗan sama ne. Gaskiya ne Filibiyawa 3:20 ta ce asalin ƙasarmu a sama take. Amma Bulus da ya rubuta wannan, shi ne ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma a wannan gari na Filibi. A Romawa 16:23 kuma ya isar da gaisuwar Arastus, ma'ajin birni, wanda ɗan'uwa ne cikin bangaskiya. Iyayenmu ma ba duka ne suka noƙe ba. Fasto David Lot na Panyam ya jagoranci ƙungiyar Middle Zone League a farkon shekarun 1950, ya zauna a majalisar dokoki ta Arewa, bai kuwa daina zama bawan Allah ba.

Na uku, zancen ɗan asali da baƙo. Wannan ciwo ne na gaske. Yaron da aka haifa a Legas, in ya nemi tallafin karatu ko aikin gwamnati, sai a ce ya je ƙaramar hukumar kakansa ya kawo takardar shaidar asali. Mutum ya ce, tun da ba a ɗauke ni ɗan gari ba, don me zan wahala? Amma mu san abin da kundin tsarin mulki na 1999 ya tanada. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama ko'ina a Nijeriya, sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida ko'ina, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Sashe na 24 kuwa, wanda ya jera wajiban ɗan ƙasa, ya ɗora masa ba da gudummawa ga ci gaban al'ummar da yake zaune a cikinta, da biyan haraji a kan kari. Wurin zama aka ambata a nan, ba wurin asali ba. Hakkin da mai shi ba ya nema, a hankali sai a manta nasa ne.

Na huɗu, tsoro. Ba mu manta da rikicin Idi-Araba na watan Fabrairu 2002 ba, da na Mile 12 a watan Maris 2016, da na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu 2021. Mu da muke jin Hausa mun san cewa in wuta ta tashi, ba a tsayawa tambayar mutum addininsa ko ƙabilarsa. Harshe da kamanni sun isa. Saboda haka wasu suka ce gara a yi shiru, a ɓoye. Amma ɓuya ba ta ba da tsaro. Wanda unguwa ba ta san shi ba, shi ne ba mai tsaya masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon unguwa kuwa sanin juna ne.

Na biyar shi ne mafi sauƙin magani. Wasu masana uku na Amurka, Sidney Verba da Kay Schlozman da Henry Brady, sun yi babban bincike a ƙasarsu wanda suka wallafa a 1995. Suka ce mutane suna ƙin sa hannu ne ko don ba su da hali, ko don ba su so, ko don ba wanda ya gayyace su. Suka kuma gano cewa majami'a tana cikin wuraren da talaka ke koyon jagorancin taro, da rubuta wasiƙa, da magana a gaban jama'a. Mu duba namu. Matar da ke riƙe littafin kuɗin Zumuntar Mata shekara biyar ba a rasa ko kwabo ba, ta fi ƙarfin riƙe asusun ƙungiyar iyaye da malamai? Horon yana hannunmu, gayyatar ce ba mu yi ba.

5. Ƙofofin sa hannu

Ƙofar unguwa. Nan ne mafari. A Legas akwai ƙungiyoyin raya unguwa da ake kira CDA, waɗanda gwamnatin jiha ta san da su. A wasu birane ƙungiyar masu gidaje ce ko ta 'yan kasuwa. Su ne ke shirya masu gadi, da gyaran taransifoma, da yashe kwata, da cike ramukan layi. Ɗan haya ma yana da wuri a ciki. Tsaftar ƙarshen wata da aka faro a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, a tsakiyar shekarun 1980, da bulala aka kafa ta. Mai bi bai kamata ya jira bulala kafin ya share ƙofar gidansa ba.

Ƙofar ƙaramar hukuma. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba su kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da kwashe shara, da sa wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, tare da sa hannu cikin ilimin firamare da kiwon lafiya. Waɗannan su ne abubuwan da ke taɓa mu kowace safiya, amma zaɓensu ne muka fi rainawa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce ba daidai ba ne gwamna ya naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci a takarda ba ya gina asibiti sai jama'a sun bi sawu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma sa kwana 7 a ba shi amsa.

Ƙofar zaɓe. Hukumar INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe zuwa 176,846 a 2021 domin su matso kusa da jama'a. Wanda ya yi rajista a ƙauye yana iya neman a mayar da rajistarsa inda yake zaune, a lokacin da hukumar ta buɗe rajista. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Matasanmu masu tsoron Allah su daina tsayawa a bakin fili suna tafi.

Ƙofar tsawatarwa. A Ayyukan Manzanni 16, mahukuntan Filibi sun sa an yi wa Bulus da Sila bulala a bainar jama'a ba shari'a, washegari suka aika a sake su a ɓoye. Bulus ya ƙi. Ya nace su zo da kansu su fitar da su, suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Bai ɗauki dutse ba, bai zagi kowa ba. Doka ya riƙe, ya kuma bar wa ƙaramar ikkilisiyar Filibi kariya a bayansa. A ƙasarmu ma muna da misali. Matan Abeokuta, a ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, matar wani limamin Anglika, sun yi ta rubuta koke da zaman dirshan a ƙofar fada saboda harajin da aka ɗora wa mata, har Alake ya sauka daga gadon sarauta a watan Janairu 1949. Yawancinsu 'yan kasuwa ne da ba su yi boko ba. Tsari da naciya ne suka ba su nasara.

6. Gargaɗi

Kada mu gudu daga rami ɗaya mu faɗa wani. Bagadi ba dandalin jam'iyya ba ne. Fasto ya koya wa garke yadda ake auna ɗan takara, ta gaskiyarsa da ayyukansa na baya da yadda yake bi da marasa ƙarfi, amma kada ya sayar da garke ga mai ba da buhun siminti. Sayar da ƙuri'a zunubi ne irin na Isuwa, wanda ya ba da gādonsa saboda abincin yini ɗaya. Zaɓen mutum don kawai sunansa irin namu ne, ba tare da duban halinsa ba, shi ma son kai ne da aka sa wa rigar addini. Romawa 13:1-7 ta umarce mu mu yi biyayya ga hukuma mu biya haraji, 1 Timoti 2:1-2 ta ce mu yi wa masu mulki addu'a, Ayyukan Manzanni 5:29 kuma ta nuna iyakar biyayyar, watau inda umarnin mutum ya ci karo da na Allah. Mai bi yana riƙe da ukun nan tare. Har wa yau, alherin birni na kowa ne. Kwata ba ta tambayar addini kafin ta yi ambaliya, sauro ma haka. Musulmi da Kirista, Bayarabe da Ibo da mutumin Arewa, dole su zauna a benci ɗaya su yi shawara.

7. Abin da kowace majami'a za ta iya yi a watanni ukun nan

Majalisar dattawa ta naɗa mutum biyu, namiji da mace, su riƙa wakiltar majami'a a taron unguwa, su kawo rahoto kamar yadda ake kawo na baiko. A biya duk bashin kuɗin gadi da na shara. Fasto da dattawa su kai gaisuwa ga mai unguwa, da Sarkin Hausawa, da limamin masallacin da ke kusa, da babban jami'in 'yan sanda na yankin, tun ba a shiga wata damuwa ba. Zumuntar Matasa ta bincika waɗanda ba su da katin zaɓe da waɗanda katinsu ke ƙauye, ta taimake su sa'ad da aka buɗe rajista. A zaɓi Asabar ɗaya a fita da cebur da tsintsiya, a gayyaci maƙwabta. A duba kuma ƙarar lasifikarmu da yadda muke ajiye motoci ranar Lahadi, gama shaidarmu tana farawa daga nan.

Kammalawa

Majami'ar nan da na ambata da farko ta naɗa wakili. Bayan 'yan watanni aka ba shi riƙon littafin kuɗin ƙungiyar, domin an ga ba ya wasa da amana. Ƙofar layi tana nan ana kulle ta, amma daren Jumma'a maigadi ya san masu zuwa addu'a da sunayensu. Ibraniyawa 13:14 ta tuna mana cewa birninmu na dindindin yana gaba. Sai dai hanyar zuwa can ta bi ta Mushin da Sabo da Nyanya, Ubangiji kuwa zai tambaye mu yadda muka bar su.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa saƙon Hananiya ya fi na Irmiya daɗin ji? Wane irin saƙo ne yau yake hana mu kafa saiwa inda muke?
2. Cikin iri shida na zaman birni, wanne ya fi yawa a majami'arku? Wanne ne naka?
3. Ka san sunan kansilan mazaɓarka da ranar taron unguwarku? In ba ka sani ba, wa za ka tambaya a makon nan?
4. Yaya za mu bambanta tsanani saboda sunan Yesu da wahalar da sakacinmu ya jawo mana? Dubi 1 Bitrus 2:19-20.
5. Ɗan takara ya kawo kyautar kuɗi domin ginin majami'a ana saura wata ɗaya zaɓe. Me majalisar dattawa za ta yi, don me?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka kawo mu biranen da muke ciki. Ka gafarta mana inda muka ci amfaninsu muka ƙi ɗaukar nauyinsu. Ka ba shugabanninmu tsoronka, ka ba mu zuciyar yi wa maƙwabtanmu hidima da ƙarfin halin faɗin gaskiya cikin ladabi. Ka kiyaye unguwanninmu daga fitina, ka sa a san mu da aminci. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.